Wutar Riga-kafi a Gonar Doka

Haɗejiya, 16 ga Yuni, 2025

Zuwa ga bawana Abdulmuminu, ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Haliima da duk mutanen gidanmu na Gadarif, can Sudan. Mu nan alhamdu lillahi, sai kunnen nan nawa da ke ƙara nauyi. Jiya matata Hajar ta tsaya a kaina ta kira sunana har sau uku, ni kuwa ina ta yi wa bango murmushi. Saboda haka kada ka sake wahalar da kanka da kirana a waya. Ka ci gaba da rubutawa da hannu kana ɗaukar hoto kana turowa, ko da yake ajamin nan naka har yau kamar kaza ta bi ta cikin taɓo yake.

Na san ka ji abin da ya faru ranar Juma'a. Jiragen Isra'ila sun faɗa wa Iran, sun bugi tashoshinta na nukiliya, wai don kada ta kai ga haɗa makamin ƙare-dangi. Ina karanta labarin a waya, sai na tsinci kaina a ƙarƙashin rakubarmu ta Gadarif, rumfar nan ta kara da Baba ke zama da abokansa. Ka tuna shekarar tamanin da ɗaya, ranar da rediyon Baba ya ce an rusa tashar nukiliyar Iraƙi? Rediyon nan mai rigar fata da Yaya Atine ta ɗinka masa. Jabana, gahawar nan tamu, ta huce a tulunta ba wanda ya kula, mu kuma muna raɓe a bayan angarib, gadon igiyar nan, muna rage musu dabino. Baba ya ɗaga hannu ya ce, “Mu matafiya ne, ba ruwanmu da faɗan masu gida.” Daga nan kuma ya fi kowa ɗaga murya har aka kira magariba.

Haka yake, Allah ya jiƙansa. Tun da kakanmu ya taso daga nan Haɗejiya a ƙafa zai tafi Makka, ya tsaya a Gadarif wai ya noma damina ɗaya ya ƙara guzuri, gidanmu bai taɓa yarda ya iso ba. Baba bai bari an sa bulo ko ɗaya a gidan ba, kuma tabarmarsa kullum gabas take kallo, wai kada hanya ta manta da shi.

Ga ra'ayina, tunda na san ba za ka tambaya ba. Harin nan kuskure ne. Ranar Lahadin da ta wuce ya kamata Amurka da Iran su sake zama a Oman. Mutane suna kan tabarmar sulhu, ka zo ka watsa musu wuta, sannan ka ce sulhu ne ya ƙi? Ba wanda ya nuna mana makamin a hannu. Tsoron abin da mutum zai iya yi gobe bai isa hujjar kashe masa mutane yau ba. To, sai ka ce me, manomi?

Ka gaishe min da Yaya Atine. Na san ba za ta amsa ba. Shekara arba'in ke nan tun gobarar gonar Doka ba ta amsa gaisuwata ba, ko a takarda ko ta bakin matafiyi. Da yaƙi ya koro ta daga Madani ta dawo gidanka, na sa rai wahala za ta sassauta mata zuciya, ga shi an shekara ɗaya da rabi shiru. Ina da sittin da biyu, ita ta doshi saba'in, kuma mu biyu kaɗai muka rage wa Baba. Wallahi ba abin da nake tsoro kamar a aiko min da ta'aziyyarta, ko a kai mata tawa, ba ta ce min ko “lafiya” ba.

Ubangidanka,
Gado

*

Gadarif, 26 ga Yuni, 2025

Zuwa ga Gado ɗan Kawu, ubangidan da bai taɓa ciyar da bawansa ba,

Wa alaikumus salam. Mun gode Allah, kowa lafiya. Ruwa ya sauka sau biyu mai kyau a Doka, baƙar lakar nan ta fara cinye takalman mutane. Man tarakta ya yi wuya, amma in sha Allah mako mai zuwa za mu zuba riɗi. Batun ajamina kuwa, ya zol, mutumina, malami ɗaya ya koyar da mu, kuma ni ban taɓa shan bulala a kan baƙi ba.

Takardarka na karanta ta a rakuba bayan la'asar, a fili, yadda muka saba yi wa kowace takarda a gidan nan. Yaya Atine tana kan angarib ɗinta ta juya mana baya tana jan carbi. Idon nata yanzu sai dai haske da duhu. Da na kai wurin gaisuwarta ba ta ce komai ba. Amma zan faɗa maka abin da na lura: duk lokacin da nake karanta takardarka, carbin yakan tsaya cak, ba ya motsi sai na gama. Da na zo kan rigar rediyo ma sai da ta gyara zama.

Yanzu ga gardama. Kafin takardata ta iso ka ji Amurka ma ta shiga, ta saki manyan bama-bamai a kan tashar nan da ke ƙarƙashin dutse, kuma shekaranjiya an tsagaita wuta. Kada ka ɗauka ina ƙaunar Isra'ila. Allah ya sani, abin da muke gani daga Gaza ya isa. Amma kai ka tambaye ni a matsayin manomi, kuma a haka zan amsa.

Kai ka bar noma ka koma koyar da Larabci, bari in tuna maka. In kaka ta yi, an yanke riɗi an jingina dammuna su bushe, ciyawar daji ta kai kafaɗa, me muke yi? Mukan ja garma layi biyu a kewaye gona, mu ƙone ciyawar da ke tsakaninsu da hannunmu, don in wutar daji ta taso ta tarar ba abin da za ta ci. Ba ma jira sai mun ga harshen wuta a bakin gona sannan mu ce a kawo hujja. Wanda ya jira hujja toka zai kwasa. Mutumin da ke cewa kullum sai ya ga bayanka, kuma kana gani yana tace sinadarin nan na nukiliya fiye da abin da wutar lantarki ke buƙata, kana so a jira ya gama?

Mu nan mun ɗanɗani jira. Mayaƙan nan da ba na son rubuta sunansu, a gabanmu suka yi ƙarfi, shekara da shekaru, ana cewa a bi a hankali, a zauna a tattauna. Ranar da suka shiga Madani, Yaya Atine ta iso nan a bayan lori, a kan buhunan albasa, da takalmi ƙafa ɗaya da makullin gidan da ba ƙofa yanzu. Kai kana can kana karanta yaƙi a waya. Ka dubi Libiya da ta miƙa kayanta, ka dubi Koriya ta Arewa da ta riƙe nata, ka faɗa min wa aka taɓa. Da ni ne Iran da na gaggauta, da ni ne maƙiyinta da na riga ta. Ban ce yana da kyau ba, na ce haka ake tsira.

Halas, shi ke nan, ruwa ya haɗo, zan je in rufe iri. Haliima tana gaida Hajar.

Bawan da ya fi ubangidansa gona,
Abdulmuminu

*

Haɗejiya, 6 ga Yuli, 2025

Zuwa ga Abdulmuminu,

Sallama da gaisuwa. Allah ya sa albarka a shuka, ya tsare ta daga tsutsa da ɓarayi da kuma shawararka. Labarin carbin nan da ka ba ni, na karanta shi ya fi sau goma. Hajar ta same ni ina share ido ta zaci ciwon kunnen ne ya tashi.

Na ji maganar Madani, kuma ban raina ta ba. Gaskiyarka, ni a waya na karanta, ku a jikinku kuka ji. Amma mayaƙan da ke cikin gari da bindiga a kafaɗa daban, makamin da ake zaton za a ƙera daban. Ka manta shekarar casa'in da takwas? Makamai masu linzami suka faɗa wa masana'antar magani a Bahri, aka ce guba ake haɗawa a ciki. Har yau ana jiran hujjar da za ta gamsar, masu zazzaɓi kuwa ba su jira ba. Iraƙi fa? An rusa ƙasa guda a kan makaman da aka duba sama da ƙasa ba a samu ba. Yanzu ga Iran ta ce ta daina ba masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya haɗin kai. Da ana shiga ana dubawa, yau ba wanda zai rantse maka inda sinadarin yake. Kuma ka gaya min, wanda aka daka haka, zai bar neman makamin ne ko zai ƙara ƙaimi? Ban ma taɓo cewa shi mai dukan, kowa na zargin yana da irin nasa a ɓoye ba.

Batun layin wuta kuwa, rabin darasin ka kawo. Baba ya koya mana ba a kunna shi sai da sanyin safiya, iska a kwance, da maza shida riƙe da jiƙaƙƙun buhuna, kuma sai an sanar da maƙwabcin gona. Waɗannan da kake karewa, wa suka sanar, kuma wa ya auna musu iska? Ni da kai, duk duniya, mu ne bai kamata mu yi gardama a kan wutar riga-kafi ba. Kafaɗa da kafaɗa muka tsaya ranar nan. Ka san hayaƙin da muka hango daga kudu na mene ne, ka kuma san abin da na ce kafin a kyasta ashanar.

Bari in bar duniya ta huta. A nan ma ruwa ya zauna, amma ƙasar nan rairayi ce, ba ta da ƙamshin nan da baƙar lakar Gadarif ke yi in ruwan fari ya taɓa ta. Shekara arba'in ina nan, har yanzu “Malam ɗan Sudan” suke ce min, kamar yadda can ake ce mana 'yan yamma. Wani lokaci nakan rufe ido in bi hanya daga tashar lori har gida, ban taɓa ɓata ba. Itaciyar aduwar nan ta bakin ƙofa tana nan? Ka ɗauko min hotonta. Kuma har yanzu ba macen da ta iya kisra, wainar dawar nan, siririya kamar ta Yaya Atine, wadda in ka ɗaga ta kana hango rana ta ciki. Kada ka gaya wa Hajar na ce haka.

Ka gaishe ta, ko da ba za ta amsa ba.

Gado

*

Haɗejiya, 3 ga Agusta, 2025

Abdulmuminu,

Assalamu alaikum. Mako huɗu ke nan. Wayata ta nuna ka buɗe takardata tun ranar da na turo, saboda haka kada ka ce min sadarwa ce ta katse. Na ji ana maganar kwalara a wajajenku, hankalina ya ƙi kwanciya. In wani abu ya sami Yaya Atine, ka gaya min kai tsaye, ni ba yaro ba ne.

In kuma gardamar ce ta yi zafi, na janye. A ba Isra'ila gaskiya, a ba Amurka, a ba duk wanda kake so. Ba zan rasa taubashina a kan tashar da ban san ko hanyarta ba. Kai kaɗai ne tagar da nake leƙa gidanmu ta ciki. Ko layi ɗaya ne ka turo.

Gado

*

Gadarif, 24 ga Agusta, 2025

Ɗan Kawu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, cutar ba ta shigo unguwarmu ba, Yaya Atine tana nan da ranta. Riɗi ya yi fure. Ni ne ba lafiya, kuma ba ciwon asibiti ba ne.

Na karanta takardarka a rakuba kamar kullum. Na wuce Bahri, na wuce Iraƙi, har Haliima tana cewa yau malam ya kayar da manomi. Da idona ya faɗa kan maganar ashana, sai na yi tsalle na dira a kan ruwan Haɗejiya. Yaya Atine, ba tare da ta juyo ba, ta ce, “Ka tsallake layi.” Na ce babu. Ta ce, “Numfashinka ya tsaya, na ji shi. Makauniya ce ni, ba kurma ba.” Tun ranar, duk la'asar in na kawo mata shayi sai ta ce, “Layin nan fa?”

Da fari haushinka na ji. Na ce Gado ya san a fili ake karanta takarda a gidan nan, da gangan ya ɗana min tarko. Na ce gonar yake so, shi ya sa ya ɗauko tsohon zance ta hanyar Iran. Na rubuta maka amsa mai zafi har biyu na yage. Sai da takardarka ta biyun ta zo, kana janye gaskiyarka don kada ka rasa ni, sannan na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Haka ka yi wancan karon ma.

Bari in rubuta shi da hannuna, tunda ban taɓa furta shi ba. Kakar tamanin da biyar ce, amfanin farko bayan shekarar yunwa. Riɗin Kawu yana jingine reras, ba mu riga mun ƙone layi ba. Da tsakar rana muka hango hayaƙi daga kudu, ta wajen Simsim. Na ce wutar daji ce, mu riga ta. Ka ce mu jira, iska ba ta tsaya wuri ɗaya ba, mu biyu ne kawai, ka bari ka hau jaki ka dubo. Na ce kafin ka dawo an gama. Na fizge ashanar daga aljihunka na kyasta. Ko minti goma ba a yi ba iska ta juya. Kawu ya taho a guje daga bukka, ya faɗa cikin dammunan da hannu yana ja, har rigarsa ta kama. Da aka fito da shi, kwalin ashana yana hannunka, don ka tsince shi inda na yar. Ya dube ka ya ce kada ya sake ganin fuskarka. Ka dube ni, na dubi ƙasa. Washegari aka ce hayaƙin na masu gawayi ne, yana cikin raminsu, ba inda za shi.

Ka hau lori ka yi yamma, ka bi hanyar da kakanmu ya zo ta ita. Hannuwan Kawu ba su sake riƙe lauje ba, ƙirjinsa bai sake daina tari ba, Yaya Atine ta yi jinyarsa shekara biyu har ya cika. Ni kuwa maraya da aka ɗauko aka rena, na zauna a ɗakinka, na yi aure a gidanku, gonar ta dawo hannuna.

Ka ga duk abin da na rubuta maka a kan riga-kafi? Ba Isra'ila nake karewa ba, ya zol. Shekara arba'in nake gaya wa kaina cewa kowa ya ga hayaƙin nan zai kyasta, cewa da wutar gaske ce da ni ne na ceci gonar. Duk sanda wata ƙasa ta riga wata duka, sai in ji kamar an ba ni shaida. Har yanzu ban san me ya kamata a yi da Iran ba. Amma na san kai ka ce a je a dubo, kuma jakin yana nan a ɗaure.

Zan karanta mata layin, da wannan takardar gaba ɗaya.

Abdulmuminu

*

Haɗejiya, 25 ga Agusta, 2025

Abdulmuminu,

Sallama. Don girman Allah kada ka yi. Wallahi ban tuna da karatun rakuba ba lokacin da na rubuta, zafin gardama ne ya ɗebe ni, kuma gona ko a mafarki ban nema ba.

Ka yi tunani. Gidanta na Madani kango ne, mijinta ya rasu, ba ta gani. Inuwarka kaɗai ta rage mata. In ka faɗa mata, a gidan wa za ta zauna, daga hannun wa za ta karɓi shayi? Ni ta riga ta saba rashina. Ranar nan na yi shiru ne don ni ina da inda za ni, ko dangin kaka ne in nema, kai kuwa in Baba ya kore ka ba ka da kowa. Ba wanda ya tilasta ni. Ka ce mata layin zagin Amurka ne da bai dace da kunnen manya ba. Gaisuwar da nake nema na haƙura da ita, Allah ya haɗa mu a can.

Gado

*

Gadarif, 14 ga Satumba, 2025

Gado,

Ni ce Atine. Haliima ke rubutawa, ni ke faɗa, kuma na ce ta rubuta yadda na faɗa ba gyara.

Wa alaikas salam. Wannan ta shekara arba'in ce, ka riƙe ta duka. Lafiyata ƙalau, sai ido da gwiwa.

Abdulmuminu ya karanta min layin, da takardarsa, har da taka ta ƙarshe da kake koya masa yadda zai yi min ƙarya. Bai tsallake ko ɗigo ba wannan karon, yana karatu yana kuka kamar ba mai jikoki ba. Kwana tara ban karɓi shayi daga hannunsa ba. Ran na goma na karɓa, don Haliima ba ta iya sa sukari daidai ba. Rubuta, Haliima, na ce ba gyara. Ban ce na gama yafe masa ba, amma na fara, kuma ba inda za ni.

Kai ne ban san yadda zan yi da kai ba. Wata uku ina jin ku kuna raba duniya a rakuba, wannan ya ce a buga, wancan ya ce a jira. Ban san Iran ba, ban san abin da suke tacewa ba. Amma na kwana a gari ana ruwan wuta, kuma na san waɗanda ke yanke shawara ba sa tambayar matar da za ta share tokar. Ku ma haka kuka yi min. Shi ya kyasta bai tambayi kowa ba, kai ka yi shiru ba ka tambayi kowa ba. Ka zaɓa masa gida, ni ka zaɓa min in rasa ƙane. Na goya ka, Gado. Na yi shekara arba'in ina ƙin yaron da na goya a kan abin da bai yi ba, yanzu kuma ka so ka sake yanke min hukunci wai don in sha shayi cikin kwanciyar hankali. Wa ya gaya maka na saba?

Ni ma ina da layin da na tsallake, bari in karanta maka shi. Ka rubuta cewa tabarmar Baba kullum gabas take kallo. Haka ne, har ranar da ka tafi. Bayan wata biyu, da ya fara iya fitowa, ya ce in shimfiɗa masa a bakin ƙofa ƙarƙashin aduwa. Na shimfiɗa yadda aka saba. Ya tura ta da ƙafa, don hannun ba ya kamawa, har ta juya yamma, wajen hanyar da lorin Madani ke shigowa. Abokansa suka yi ta tsokanarsa wai alhajin hanya ya fasa Makka. In lori ya tsaya sai ya ce min, “Atine, duba min wa ya sauka.” Shekara biyu ina dubawa. Bai san gaskiyar ashana ba, yana zaton kai ne, kuma a hakan yake jiranka. Na san wanda zai kai maka saƙo, ban aika ba, don ina ganin hannuwansa kullum in na ba shi abinci a baki. Wannan nawa laifin ne, ka yafe min.

Aduwar tana nan, ba za a turo maka hotonta ba. An ce ana sauka a Bur Sudan a jirgi, a biyo mota ta Kasala. Ka taho kafin a yanke riɗi. Abdulmuminu ya ce bana ba zai ƙone layi ba sai kana tsaye, kai za ka duba iska. Kisra kuwa hannuna bai manta ba, ba ya buƙatar ido.

An ce min kunnenka ya tafi. To, kai ba za ka ji ni ba, ni ba zan gan ka ba, sai ka matso kusa ka ba ni hannu. Na sa an fitar min da angarib bakin ƙofa, an juya shi yamma. Kada ka bar ni ina tambayar Haliima wa ya sauka.

Yayarka,
Atine